Tanadin Gida a Tsohon Garin Sakkwato: Aikin da Ake Somawa Tun Kaka

Gidajen Ƙofar Marke, kamar na Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya da sauran unguwannin da ganuwar Sakkwato ta taɓa kewayewa, ba su da filin kafa rumbu. Zaure ne, da 'yar tsakar gida, da ɗakuna da suka jingina da na maƙwabta. Galibin magidanta awo suke yi kullum ko mako-mako, su sayi ruwa a hannun 'yan garuwa, uwargida ta aiki yaro bakin titi ya sayo kayan miya. Wannan zama yana tafiya daidai muddin kasuwa na ci, hanya na buɗe, kuɗi na aljihu.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada mana yadda waɗannan ukun ke iya yankewa dare ɗaya. A watan Satumban 2010 Gulbin Rima ya yi ambaliya, ya cinye gonakin fadama, ya karya gadar da ke kai mutane mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe hanyoyin shiga jihohi. A farkon 2023 mutum yana da kuɗi a banki, amma ba shi da takardar naira da zai miƙa wa mai awo. Ƙarshen watan Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, kayan abinci suka bi shi; a watan Agusta kuma aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar. A kowane karo, gidan da ke da buhu a ɗaki da randa cike shi ya kwana da hankali kwance, shi ne ma ya samu abin miƙa wa maƙwabci.

Tanadi ba sai mai hali ba. Abin da yake nema shi ne a yi kowane aiki a kan lokacinsa, kuma shekarar Sakkwato ba ta ɓoye kanta: damina daga Yuni zuwa Satumba, kaka ta biyo baya, hunturu ya busar da komai, sannan bazara ta zo daga Maris zuwa Mayu da zafin da ke wuce digiri 40. Abin da za a nema da tsada a bazara da damina, a kaka da hunturu yake da araha. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada a haɗa tanadin iyali da ɓoye abinci don ya yi tsada, wanda addini ya hana. Ajiye abin da iyali za su ci al'ada ce mai asali, tun daga shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar ta barin hatsi a zangarniyarsa, abin da manomanmu ke yi har gobe idan suna jera dammunan gero a rumbu.

Lissafi kafin kasuwa

A fara da takarda da biro. Maigida da uwargida su zauna su rubuta, tsawon mako guda, tiya nawa ake turawa niƙa, wake nawa ake dafawa, mai da gishiri da daddawa nawa ke tafiya, jarka nawa ta ruwa ke shigowa. Wannan mako ɗaya ya fi kowane kintace.

Ga ma'auni na somawa. Idan aka haɗa manya da yara, mutum ɗaya yana cin abin da ya kai gram 400 na hatsi a rana, tsakanin tuwo da fura da kunu. Gidan mutum 8 ke nan yana cinye kusan kilo 96 a wata, wato buhu guda mai kilo 100, wanda yake ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. Burin farko shi ne abincin wata uku: buhu uku na hatsi, da tiya 15 zuwa 20 na wake. Wanda bai iya wannan a tashi ɗaya ya soma da na mako biyu, ya riƙa ƙara tiya biyu kan kowane awo. Wata ukun da aka fi nufi su ne Yuli da Agusta da Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba.

Hatsi da wake

Lokacin saye shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da sabon gero da dawa da wake suka cika Kasuwar Kara da kasuwannin ƙauye irin su Achida da Boɗinga. Gero ya fi masara jure ajiya, shi ya kamata ya zama ginshiƙi.

Kada a ɗaure buhu sai an tabbatar hatsin ya bushe, domin danshi ne ke kawo fumfuna da ƙwari. Tsofaffi da haƙori suke gwadawa: ƙwayar da ta bushe ƙas take fashewa, mai danshi kuwa lotsewa take yi. Akwai kuma gwajin gishiri. A samu kwalba busasshiya, a zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe, a girgiza, a ajiye kamar minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. A mayar da hatsin kan tabarma ya ƙara kwana biyu a rana. Masara da gyaɗa sun fi bukatar wannan kulawa, domin fumfunar da ke kama su tana haifar da guba mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar da ta canza launi a tsince ta a zubar, kada a ba ko kaji.

Wake shi ne abin da ƙwari suka fi so, shi ne kuma aka fi zuba wa guba. Kada a yayyafa wa abinci Sniper ko wani maganin feshin gona. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke kira bom kuwa iskar guba take fitarwa, ta rumbun 'yan kasuwa ce, ba ta ɗakin da ake kwana kusa da shi ba.

Hanyar da ba ta da haɗari ita ce hana ƙwaron iska. Buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A fara hura iska cikin kowace leda a danna, a ga ko tana da huji. A saka ɗaya cikin ɗaya, a zuba waken a hankali ana girgiza buhun don ya zauna, a bar wuya kamar taƙi biyu. Sai a tattara bakin ledar ciki, a matse iskar da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama, a murɗe, a lanƙwaso, a ɗaure da igiya. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki za su shaƙe ragowar iskar su mutu da ƙwansu. Sharaɗin kawai kada a riƙa buɗewa. A ware na cin yau da gobe a wani mazubi daban. Jarkar man gyaɗa da aka wanke ta bushe tana yin wannan aiki idan an cika ta har wuya, aka sa leda a bakin kafin a murɗa murfi. Ga ɗan wake kaɗan, cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka, kwano da kwano, dabara ce ta iyaye da har yanzu take ci.

A ɗora buhuna kan katako ko duwatsu, a bar tazarar hannu tsakaninsu da bango saboda gara da danshi, a toshe ramukan ɓera da siminti. A rubuta watan saye a jikin kowane buhu, a riƙa cin tsoho kafin sabo.

Kayan miya

Daga Janairu zuwa Maris fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo suna turo tumatir da tattasai da attarugu da albasa har su yi yawa a Kasuwar Daji. Iskar lokacin ba ta da danshi ko kaɗan, ita ce injin busarwar da ba a biya.

Don yin kauɗa, a zaɓi tumatir mai tsoka wanda bai fashe ba, a wanke, a raba biyu ko huɗu, a jera a kan tabarma ko faranti bayansa ƙasa, cikinsa na kallon rana. A ɗaga shimfiɗar daga ƙasa, kan rumfa ko soro, a lulluɓe da tsohon gidan sauro mai tsabta saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Da magariba a shigar da shi ɗaki. Cikin kwana huɗu zuwa bakwai zai bushe ya yi kamar fata. Idan an matsa ba ya fitar da ruwa, ya yi. Tattasai da barkono da yankakkiyar kuɓewa haka ake yi musu. Ganye kuwa, irin su zogale da kuka da lalo da sure, a inuwa ake shanya su, domin rana tana ƙone launinsu da amfaninsu. Kome ya bushe a zuba a kwalba ko roba mai murfi, a sa a wuri mai duhu.

Albasa iska take so. A zaɓi wadda wuyanta ya bushe ya tsuke, a baza ta a kan gadon kara cikin inuwa kamar yadda manoma ke yi a rudu, a riƙa dubawa duk mako ana cire wadda ta fara laushi. Kada a ɗaure ta a leda. Ganyenta ma ba abin yarwa ba ne: a daka, a dunƙula, a shanya, ya zama gabu. A haɗa da daddawa da kanwa da gishiri da man gyaɗa, miyar damina ta samu.

Ruwa

Mutum yana jure yunwar kwanaki, amma a bazarar Sakkwato yini ɗaya babu ruwa haɗari ne ga yaro da tsoho. Mafi ƙarancin abin da masu aikin agaji ke ƙiyasta wa mutum ɗaya shi ne lita 15 a rana, na sha da girki da tsabta. Gidan mutum 8 yana bukatar lita 120, kusan jarka 5 masu lita 25. Tanadin kwana uku ya kama jarka 15, ko duro biyu masu lita 200. Kada a ajiye ruwa a duron da ya taɓa ɗaukar mai ko magani. Kowane mazubi ya kasance da murfi, don kada ya zama gidan sauro, kuma a riƙa amfani da ruwan ana sabuntawa.

Damina kyauta ce da ke zuba ta indararo ta bi kwata. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Sakkwato tana samun wajen milimita 600 zuwa 700 a shekara, saboda haka rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana zubar da kimanin lita 30,000. A sa wa bakin kwano makwarara zuwa duro, a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya wuce, sannan a tara, a tace da ƙyalle mai tsabta.

Ruwan sha sai an gyara shi, ko daga ina ya fito. Idan ya yi gurɓi, a sa ɗan alif ko dakakken ƙwallon zogale, a motsa, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama. Wannan datti kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Abin da ke kashewa uku ne: a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, a jira minti 30, ko a cika farar gorar roba da ruwa garai-garai a kwantar da ita kan kwano a rana awa 6. Randa ta samu moɗa guda mai mariƙi da ake ratayewa, kada kowa ya tsoma kofinsa. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta taɓa Sakkwato da maƙwabtan jihohi, ta gurɓataccen ruwa ta bi.

Lambun buhu da turke

Tsakar gidan da ba ta da ƙasar noma tana da gindin bango. A cika tsohon buhu da jar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki kashi ɗaya-ɗaya, a huda ƙasansa, a ɗora inda rana ke samu da safe. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Sure da rama da lalo ba su da wahala. Zogale ɗaya ko biyu a kusurwa sun isa gida. Idan ya kai ƙugu a datse kansa don ya yi rassa, ganye ya zo daidai hannu. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ya ishi wannan lambu, ban da mai omo. A kewaye shi da kara ko waya, in ba haka ba akuya za ta riga kowa girbi.

Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙetare, ita ce asusun uwargida. Cikinta wata biyar ne, kuma tana yawan haifar tagwaye. Biyu sun isa ƙaramin gida. Abincinsu ma a kaka ake tanadarsa: harawa da kowar wake da dusa, a ɗora kan rumfa inda ruwa ba ya taɓawa, domin a ƙarshen bazara kuɗin harawa yakan hau sosai. A ba su maganin tsutsar ciki a farko da ƙarshen damina, a kai su rigakafi wurin malaman dabbobi, a kuma tsince leda daga tsakar gida, don ita ce ke cushe musu tumbi ta kashe su a hankali.

Kaji biyar da zakara suna ba da ƙwai da abin yanka ranar baƙo. Kaza tana ƙyanƙyasa a kwana 21. Babbar abokiyar gabarsu cutar nan ce da ke share akurki a hunturu. Akwai rigakafinta da ake ɗigawa a ido, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke sarrafawa, a yi shi kafin sanyi ya shigo, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

Wuta, sanyi da haske

A tanadi hanyar girki biyu. Mai gas ya ajiye buhun gawayi, mai gawayi ya ajiye itace, kuma a saye su kafin damina, a ɗaga su daga ƙasa. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki a hunturu, kada a tayar da janareta a zaure ko kusa da taga. Hayaƙinsu yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Kada a ajiye fetur a cikin gida. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 ya san abin da wuta ke yi a busasshen lokaci, balle a lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Bokitin yashi a bakin madafa ba ya cin kuɗi.

Ƙaramin faifan sola mai ƙwai biyu da wurin cajin waya ya wadatar da haske. Don sanyaya kayan miya kuwa, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi. A hunturu da bazara take aiki sosai. Da damina ƙarfinta yakan ragu.

Lafiya, kuɗi da takardu

A gwangwani mai murfi, nesa da hannun yara, a ajiye farasitamol da bandeji da auduga da sabulu da ƙullin gishiri da sukari na kemis da ƙwayar zinki. Idan babu ƙullin, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe kowane cokali, a riƙa ba mai gudawa kaɗan-kaɗan ana shirin asibiti. Mai ciwon suga ko hawan jini kada maganinsa ya gaza na mako biyu. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a bazara alamar sanƙarau ce, irin wanda ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. Wannan ba na jiƙo ba ne, asibiti za a nufa nan take. Da damina kowa ya kwana a gidan sauro, a kuma karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar gida-gida.

A ɓoye tsabar kuɗin cefanen mako guda, ƙananan takardu. Takardun gida da na haihuwa da na makaranta a naɗe su a leda, a sa a akwatin ƙarfe a wuri mai tudu, a ɗauki hotonsu a waya.

Kafin hadari ya taso

Watan Afrilu da Mayu na gyara ne. Gidan ƙasa a yi masa yaɓe, a shafe soro da makuba, a duba azara ko gara ta ci, a gyara indararo ya zuba nesa da gindin bango. Mai kwano ya bi ƙusoshi, domin iskar farkon damina tana yaye rufi. Kwata kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce: idan ka yashe taka, ta maƙwabci ta toshe da leda, ruwan zai dawo ɗakinka. A sa rana da mai unguwa, matasa su fito da shebur a yashe lungu gaba ɗaya.

Haka sauran tanadin yake, ya fi sauƙi idan an haɗa hannu. Gida huɗu suna iya tara kuɗi su sayi buhu a ƙauye su raba, kuɗin mota ya zo da sauƙi. Matan lungu suna iya tsara adashi yadda kwasa za ta faɗo a kaka, a zuba ta a hatsi da harawa. A kuma san gidajen da ke da tsoho shi kaɗai, ko marayu, ko mai jinya, a ware musu tiya tun ranar da ake ɗaure buhu. Wanda bai taɓa yi ba ya soma a wannan makon da abu uku: ya rubuta abin da gidansa ke ci, ya wanke jarka biyu ya cika su da ruwa, ya ƙara tiya biyu a kan awon da ya saba. Idan kaka ta zo, lissafinsa na hannu, ya san buhu nawa zai nema da inda zai ajiye su.